Ta'aziyya a Kan Gadar Katako

Maigidana ba mutumin yawo ba ne. Duk zamanmu a Kuala Lumpur, daga gidanmu na Pantai Dalam sai jami'a, sai masallaci, sai shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu. Tagwayen benayen nan da kowa ke rububin ɗaukar hoto a gabansu, ni ta tagar jirgin ƙasa na san su. Saboda haka ranar da ya shigo ya ce in haɗa kaya za mu tsibirin Penang shan iska, sai da na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne.

Lokacin an ɗan sassauta kullen korona, an yarda a fita daga gari zuwa gari. Ina ɗauke da cikin fari wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura, likita tana ta yi mini faɗa kan hawan jini. Amma hankalina yana Kano. Baba ya kwanta da tari da zazzaɓi, a daidai lokacin da kullum sai ka ji wane ya rasu, wane ma ya bi shi. Ba jirgi, ba hanyar zuwa gida. Ana cikin haka fuskar wayata ta tsage, maigidana ya kai ta gyara Bukit Bintang, mai gyaran kuma kullum sai gobe. Da wayarsa nake kiran Umma, yana tsaye a kaina. In na ce a ba ni Baba, sai ta ce yana barci. In na sake kira, ya sha magani ya kwanta.

Na ce, "Umma, wai wannan wane irin barci ne?"

Ta ce, "Ke dai ki yi masa addu'a, ki kula da abin da ke cikinki."

Muka hau jirgin ƙasa har bakin ruwa, daga nan jirgin fito ya tsallaka da mu. Garin ya ba ni mamaki, don an ce mini da ko wajen sa ƙafa ba ka samu, mu kuwa muka tarar da shi wayam. Masu keken ɗaukar baƙi sun miƙe ƙafa a kujerar fasinja suna gyangyaɗi, takunkumi a haɓa. Shagunan tsaraba rabi a rufe. Zanen da aka yi a bangon tsofaffin gidaje, wanda aka ce sai an bi layi ake ɗaukar hoto da shi, mu kaɗai ne a gabansa, sai wata kyanwa.

Amma mutumin da na zo da shi ya fi garin ba ni mamaki. Duk abin da na kalla sai ya ce, "Kina so?" Na kalli kwakwa, ya saya. Na kalli wata hular kaba mai faɗi, sai ga ta a kaina. Na ce, "Malam, in wata ka hango a jami'a, ka faɗa mini tun ina da ƙarfin rigima." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Washegari muka hau ƙaramin jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa kan dutse. Yana tafiya a tsaye, na ƙanƙame hannunsa ina salati, ina dariya. Daga sama ana ganin tashar jiragen ruwa gaba ɗaya, da doguwar gadar da ta haɗa tsibirin da tudu. Wani biri ya fizge ledar ayaba a hannuna, na yi ihun da rabona da shi tun ina yarinya. Na ce, "Ɗauke ni a nan, a tura wa Baba, in ya tashi ya gani." Ya ɗaga wayar, ya daɗe bai danna ba. Ya ce takunkumi ne ya sa gilashin idonsa ya yi hazo.

Da la'asar muka gangara unguwar masunta, inda aka kafa gidajen katako a kan ruwa, gada ɗaya ta ratsa tsakaninsu. Ya tsaya saya mini ruwa, sai na hango mayafi irin namu. Wata 'yar unguwarmu ce ta Kano, mijinta yana karatu, suna zaune a Taman Melati, can Kuala Lumpur. Duk da takunkumi ta gane ni. Ta taho da sauri katako na ƙara, ta manta da dokar tazara, ta kama hannuna da hannu biyu ta rage tsawo.

"Yaya, ashe kuna nan! Na yi ta kiranki, kullum switched off. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta."

Bakina ya amsa kafin kaina ya gane. Na ce, "Amin, na gode." Sannan na ji abin da na faɗa.

"Wane Baban?"

Ta kalle ni, ta kalli bayana. Na waiga na ga maigidana da robar ruwa a hannu yana girgiza mata kai. Ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba ta sani ba?"

Ban faɗi ba, ban kuma yi kuka nan take ba. Na zauna a kan katakon, ina ganin ruwa ta tsakanin allunan, kunnuwana sun toshe. Wata tsohuwa Basiniya ta fito daga gidanta da kujerar roba tana cewa, "Sit lah, sit lah." Maigidana ya tsuguna a gabana yana magana guntu-guntu. Umma ce da su Kawu suka ce kada a gaya mini sai na haihu, saboda jinina. Wayata lafiyarta ƙalau, an gyara ta tuni. Mutanenmu na Kuala Lumpur sun fara zuwa gaisuwa, yana tare su a ƙasan bene, da ya ga abin zai fi ƙarfinsa sai ya gudo da ni nan.

Na ce, "Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Yau aka yi sadakar bakwai."

Wato ana rabon waina a ƙofar gidanmu, ni ina kan dutse ina wasa da biri. Na ji haushinsa, na ji haushin Umma, har matar nan da ke kuka tana ba ni haƙuri na ji kamar in ture ta cikin ruwan.

Muna komawa aka kwantar da ni a asibiti, inda ba a barin kowa ya shiga dubiya. A can na zauna har na haihu. Kafin a sallame ni da jaririna an sake kulle gari. Ba wanda ya taka gidanmu, gaisuwa duk ta waya aka yi ta, wasu ma da saƙon murya.

Har yau in mun yi waya da matar nan sai ta ce in yafe mata. Ita kaɗai ce a duniya ta riƙe hannuna ta yi mini gaisuwar mahaifina.