Ranar da Muka Je Ɗauko Ɗiyarmu

Ranar Asabar ce, da hantsi, a ƙarshen bazarar shekarar da aka ce ruwan dam ɗin Bakolori zai fara taruwa. Waɗanda ke wurin su ne ni da matata, da dattijon ikilisiyarmu ta Talata Mafara, da samari biyu masu diga da shebur. Mun je wani ƙauye ne a ƙasar Maradun domin mu tone kabarin ɗiyarmu, mu dawo da ita filin bayan majami'a kafin ruwa ya rufe wurin.

Aikina a lokacin shela ne. Ina zama a mota mai lasifika, muna bin ƙauyuka daga Bakura har Maradun, ina karanta sanarwar garuruwan da za su tashi da inda za su koma. A gidan rediyo aka koya mini kada muryata ta yi rawa, kowane irin labari ne. Kusan kowane dandali muka tsaya, sai wani tsoho ya matso jikin mota ya ce, rumbu dai an san yadda za a yi da shi, to kaburbura fa? Babu amsar wannan a cikin abin da aka ba ni in karanta. Nakan ce za a duba.

A ƙauyen nan muka fara zama da muka zo aiki, a gidan wani manomi da muke kira Baba, matarsa kuma Inna. Mu kaɗai ne Kirista a garin. Da ƙyanda ta shigo, ta ɗauki ɗiyarmu tana fara tafiya. Babu maƙabartar Kirista kusa, babu kuma mota a ranar. Baba ya ba mu kusurwar gonarsa da ta yi iyaka da maƙabartar gari, shingen ƙaya kaɗai ne tsakani. Inna ce ta riƙe matata yayin da nake addu'a. Na kafa gicciyen itace. Ba a jima ba aka mayar da ni Talata Mafara.

Tun ranar da matata ta ji sunan ƙauyen na cikin waɗanda za su tashi, abinci ya daina shigar mata. Ta ce, "Ka gaya wa duniya ruwa na zuwa. Ni gaya mini yaushe za mu ɗauko ta." Na tuna mata abin da muka gaskata, cewa Ubangiji ya san inda kowa yake kwance, ranar tashin matattu kuma ba sai an nuna masa hanya ba. Ta ce ta sani, ita ma an yi mata baftisma, amma tana son wurin da za ta riƙa durƙusawa. Ban sake gardama ba.

Mun tarar an fara sauke jinkar ɗakuna, ana ɗora wa jakuna kaya. Baba ya tare mu a bakin gona, muka gaisa har muka tambayi lafiyar dabbobi.

"Mai shela, yau ina lasihikar taka?" in ji shi.

"Yau da bakina kaɗai na zo, Baba."

"Gara haka. Waccan ta hana awakina kiwo."

Gara ta cinye gicciyen. Amma kabarin a share yake, an jera masa sabuwar ƙaya, babu ciyawa ko ɗaya. Samarin sun ajiye kayan aiki kenan sai ga Inna ta taho, ta rame fiye da yadda na san ta. Ta kama hannun matata.

"Ɗiyata, kin zo ɗaukar abinki?"

"I, Inna."

"To, madalla. Ke kina da inda za ki kai taki." Ta nuna bayan shinge da haɓa. "Nawa 'ya'yan suna can, da uwata. Mu ba mu tonewa. Kuma ni mace ce, ba ni shiga ciki. Nan nake zuwa wurin wagga, in share mata, in tsaya in yi wa nawa addu'a ta bisa shinge. Nakan ce musu ga baƙuwarku nan, kada ku bar ta ita ɗaya."

Ba roƙo take yi ba. Labari kawai ta bayar, ta koma gefe don ta ba masu haƙa wuri. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga diga.

"Tsaya," in ji matata.

Ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasar, ta daɗe a haka. Dattijonmu ya dube ni. Can ta ɗago ta ce, "Inna, idan na ɗauke ta, naki za su shiga ruwa babu ita. A bar ta."

Na ce mata ta yi tunani, bayan wannan damina babu dawowa. Ta ce ta yi.

Dattijo ya ce in yi addu'ar rufewa, tunda ni ne uba. Baba ya matsa nesa kaɗan, ya ɗaga hannuwansa yana tasa. Na fara da sunan Yesu Almasihu, na kai wurin da zan ce mun danƙa ta a hannunsa, sai murya ta ƙi. Na sake gwadawa, ta sake ƙi. Dattijo ne ya ƙarasa.

Na daɗe ina tunanin wannan. Ni na riƙa faɗin cewa Ubangiji ya san wurin kowa, kuma gaskiya ne, amma faɗinsa bai ci mini kome ba. Matata, wadda ta yi mini gardama a kai, ita ce ta dogara da shi har ta tashi daga gaban kabarin hannu wofi. Kuma ba wa'azi ne ya kai ta ga haka ba, tsohuwa ce da ba ta taɓa taka majami'a ba. Har yau ban iya cewa bangaskiya ta rage mana zafin ba. Abin da ta yi shi ne ta sa muka iya shiga mota.

Kafin kaka ruwa ya rufe gonar da shingen da maƙabartar. Su Baba sun koma sabon mazauni, Inna ta rasu a can. Kifin dam ya cika kasuwar Talata Mafara da araha, amma matata ba ta taɓa sa shi a tukunyarta ba har ta bar duniya.