Ranar da Kaka ta Kira Mini Wanzami

Abin da na fara gani da muka isa gidan Kaka a Aujara, a hutun daminar da na gama aji huɗu, shi ne akuya a kan katanga tana cin ganyen kabewa. Ita kuwa Kaka, tudun da ke bayana ta fara gani.

Tun ina rarrafe tafasasshen kunu ya zube mini a kafaɗa, tabon ya ɗaure hammatata har ba na iya ɗaga hannun dama. Ba na iya tallabe bokiti a ka, in ana gaɗa a makaranta kuwa ni ce mai gadin takalma. A wani asibiti a Dutse aka sa mini 'yar jaka kamar balan-balan a ƙarƙashin tsokar baya, duk mako a ɗura mata ruwan gishiri kaɗan da allura. Likitar, wata mai yawan dariya, ta ce tsoka ba roba ba ce. In ana jan ta a hankali, sabon nama take ƙarawa a tsawonta, kamar yadda mai tufka ke ƙara rama a igiya. Da wannan naman da fatarsa za a saki hammatar. An gama ɗurin, saura aiki na biyu, aka gargaɗe mu kada wani abu mai kaifi ya kusanci wurin.

Umma ta yi wa Kaka bayani, Kaka ta ce to. Umma na juyawa Dutse ta aika a kira wanzami, wai mugun jini ne ya taru. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya jera ƙahonni, ya hau wasa aska. Na lura ɗaya ƙahon ya tsage an ɗaure shi da zare. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni na buɗe baki.

"Baba," na ce, ina kallon ƙasa, "ba jini ba ne. Nama ake shuka mini."

Na nuna masa ɗinkin, da ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin fata inda allura ke shiga. Ya taɓa a hankali, ya naɗe askarsa.

"Hajiya, wannan aikin asibiti ne. Hannuna ba ya shiga nan."

"Ka ji ja'irar kishiyar tawa," in ji Kaka. "Ashe tana magana. To shi ke nan ka sha tafiya a banza?"

Yau da hannun nan nake shanya, da shi nake rubutu har saman allo a gaban ɗalibaina. Darbejiyar na nan, Kaka ce babu. Nakan yi kewar dariyar da ta yi ran nan har da riƙe ciki, lokacin da na ja bakin rigar wanzamin na ce:

"Baba, don Allah tunda ka zo, ka yi wa Kaka ƙahon. Ita ce kullum take kukan baya."