Abin da Likita Bai Rubuta Ba

Ni ba mai fita ba ce, amma kunnena ba ya barci. A unguwar Woolwich ta Landan, maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne, tsohon soja, ciwon fata ya ƙi barinsa. Rannan na kai masa kunun gyaɗa, sai ya ce min yana saurayi gwamnatinsu ta gwada bam ɗin nukiliya a wani tsibiri. Aka jera su sojojin, aka ce su juya baya, su rufe ido da hannu. Wai da bam ɗin ya tashi, don tsananin haske, ta cikin tafinsa ya ga ƙasusuwan yatsunsa. Kuma bam ɗin nasu ne, ba na abokan gaba ba.

'Yata a asibiti take aiki, ita ke sa wa kowace cuta lambarta a fayil. Na ce, "Ke, a sa masa lambar bam ɗin mana, a riƙa duba shi yadda ya kamata."

Ta ce, "Mama, abin da likita bai rubuta ba, ba mai sa masa lamba."

Ashe bai taɓa gaya wa likita ba, wai an rantsar da su kada su faɗa wa kowa. Ranar ganin likitansa na yafa mayafina na bi shi a bas. Aka tambaye shi, ya yi gum. Da ɗan Turancina na kasuwa na ce, "Baba, faɗa masa zancen yatsun nan." Ya harare ni, sannan ya faɗa.

Ban tashi daga kujerar ba sai da na ga likita ya rubuta.