Ranar da na buga ganga a kafaɗar direban bas

Mun tashi da asuba daga Pantai Dalam, kuma in kun ji na ce "mun", to ni ne da tumbina da sandunan kiɗa biyu da na zaro daga ƙarƙashin gado. Uwargida da yara sun je Kano hutu, korona ta rufe iyaka a bayansu, ni kuma kulle ya rufe ni a can saman bene. Wata da watanni ba ni da abokin hira sai firji, shi ma gurnani kawai yake mini.

Tafiyar a cikin Kuala Lumpur take, ba wani nisa. Amma mutumin da iyakar yawonsa daga tabarma zuwa kicin, sai da na yi shiri irin na mai zuwa Makka a ƙafa. Takunkumi biyu, kwalbar man wanke hannu, har wasiyya na so in bari, ban sami wanda zan bar wa ba.

Ga abin da ya fito da ni. Kun san ni da koyarwa, ba ku san na taɓa zama makaɗin ganga a wata ƙungiyar kiɗan rok ba. Sunanta Ribut Kapas, wato guguwar auduga, kuma haka kiɗan nata yake: jita na ihu kamar za ta yaye rufi, ganguna na rugugi, amma muryar mawaƙin tana tafe a sama a hankali, har tsohuwa za ta iya binta tana tsintar shinkafa. Pak Lan, wato Baba Lan, shi ne ya kafa ta yana saurayi, a saman shagon yadin babansa. Sun yi tashe, sun cika filaye, sannan mutane suka fara zarewa. Mai jita na farko ya yi fushi don an rage masa ihunsa a faifai, ya kafa tasa ƙungiyar da ba ta kai azumi ba. Mai fiyano ya je neman aure, suruki ya ce ko dogon gashi ko yarinya, ya zaɓi yarinya. Wani ya dawo daga Hajji ya sayar da jitarsa ya buɗe gidan abinci. In aka tara duk waɗanda suka taɓa shiga Ribut Kapas, wallahi sai an yanka musu jiha. Pak Lan kaɗai bai motsa ba.

Ni ina ɗalibi na faɗa ciki. Makaɗinsu na lokacin ya ji ina buga tebur da cokali a shagon mamak, wato gidan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, shi kuma yana shirin barin gari. Na yi 'yan shekaru, da aure da aiki suka danne ni na miƙa wa wani saurayi mai suna Ijal.

Miƙawar nan ita ce maganar. A al'adarsu, ba mai hawa kujerar ganga sai tsohon makaɗi ya tsaya a bayansa ya buga masa waƙarsu ta farko a kafaɗu, shi kuma yana juyewa a kan gangunan. Ba takarda, ba faifai. Daga nan a ci abinci a faranti ɗaya. To korona ta ɗauke Ijal, Allah ya jiƙansa, bai miƙa wa kowa ba. Waɗanda suka riga ni, daga wanda ya rasu sai wanda ke tsallaken teku ba jirgi. Da aka ɗan sassauta kulle, Pak Lan ya kira ni da sunan da suka sa mini, wato Yaya na Kano: "Abang Kano, kai kaɗai ka rage lah. In ba ka zo ba, ɗakin nan sito zan mayar da shi." Ni kuwa rabona da ganga tun ina iya hango yatsun ƙafata a tsaye.

Jirgin ƙasa ya zo fayau. An manna alama a kujeru, a zauna a wannan a tsallake waccan, amma ko ba alamar ba wanda za a tsallake. Ni da wata ma'aikaciyar asibiti ne a taragon, tana can ƙarshe tana gyangyaɗi. Na so in yi mata sannu ko don in gwada ko muryata na nan, na fasa. A babbar tasha aka saita mini na'urar auna zafi a goshi, na nuna shaidar lafiya a waya a ƙofa, na canza zuwa ɗan jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya. Daga sama na ga titunan da a da sai ka tsufa kafin ka tsallaka, yanzu akuya za ta iya haihuwa a tsakiya ta yaye 'ya'yanta.

Kasuwar Chow Kit ce kawai ke numfashi. An kewaye ta da igiya, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Warin kifi yana nan daram, ya ratsa takunkumina biyu ya gaishe ni, har na ji daɗi. Kaza ta yi tsadar da sai dai ka yi mata sallama ka wuce. Shagunan mamak sun kife kujeru a kan tebur, ba zama, sai tapau, wato a ƙunsa maka ka tafi. Na sa aka ƙunsa mini shinkafa da nama babban ƙunshi, saboda farantin al'ada.

Daga nan na taka zuwa titin da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ƙofofin ƙarfe a sauke, gumakan tallan kaya a bayan gilashi sanye da ɗinkin Sallar da ba a yi yawonta ba. Na yi wa ɗaya ina kwana.

Pak Lan yana jirana a saman shago. Gashin da ya taɓa kai masa ƙugu ya koma 'yar farar jela, da kyar zaren roba ke samun abin kamawa. Kusa da gangunan Ijal, waɗanda aka lulluɓe da yadi, ga sabon makaɗi a tsaye: Ravi, direban bas, kafaɗu kamar ƙyauren gareji. Muka dafa ƙirji daga nesa. Sai a nan muka gane abin da ba wanda ya yi tunaninsa a waya. Ravi kullum cikin fasinja yake, ni daga jirgi nake, Pak Lan ga ciwon suga, Ravi kuma da tsohuwa a gida. Ba halin in tsaya ina huci a ƙeyarsa.

Ravi ya ce, "Pak, ai na haddace ta daga faifai."

"Faifai ba shi da hannu," in ji Pak Lan. Ya sunkuya ya fara naɗe wayar lasifika. Na san naɗin nan, na wanda ya gama ne.

Idona ya faɗa kan sandunan awon yadi na baban Pak Lan, jingine a bango. Na ɗauko biyu, na ja da baya, na miƙa su har suka sauka a kafaɗun Ravi. Na ce, "Pak, hannuna ne ya yi tsawo a kulle. Boleh?" Wato, zai yiwu?

Ya daɗe yana kallona. "Boleh lah. Amma in ka cire masa kunne kai za ka tuƙa bas ɗin."

Bugun farko kuwa a kunnen ya sauka. Na biyu na rasa inda waƙar ta dosa, gumi ya jiƙa takunkumi, na tsaya kamar an dasa ni. Sai Pak Lan ya ɗaga murya ba lasifika, siririya, tana rawa, amma ita ce. Hannuwana suka tuna abin da kaina ya manta. Dama, hagu, dama dama, Ravi na juyewa, ɗakin ya ɗauki rugugi har ƙura na sauka daga hotunan tsofaffin 'yan ƙungiya. Ta cikin katakon nake jin kafaɗarsa tana motsi. Rabona da in taɓa ɗan Adam tun ranar da na raka iyali filin jirgi.

A tsakiyar waƙa Ravi ya tsaya. "Abang, wannan juyin ba ya cikin faifai."

Pak Lan ya nuna ni ya ce, "Nasa ne. Kalangun garinsu ne ya biyo shi. Kowa da ɗan abin da yake bari." Ya shafa gefen ganga. "Bayan nasa akwai na Ijal, wani ɗan tsalle da yake yi. Wannan ba mai miƙa shi."

Ravi ya ce ya sha gani, zai iya kwaikwaya. Pak Lan ya girgiza kai. "Bar wurin haka. In mun zo nan, kowa ya tsaya, numfashi ɗaya, sannan mu ci gaba."

Muka sake daga farko. Da muka zo wurin na ɗaga sanduna, Ravi ya ɗaga nasa. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, ni da na yi watanni ina cin shiru safe da rana. Sannan muka faɗa amshi, muka kai ta ƙarshe. Pak Lan ya warware wayar da ya naɗe.

Faranti ɗaya dai bai yiwu ba. Muka juye shinkafar a tire, Pak Lan ya raba uku, kowa ya ƙunshe nasa. Kafin la'asar ina gida, jirgin dawowa ma ni kaɗai.

Abin da na koyo a tafiyar nan: na ɗauka na bar Ribut Kapas tuntuni, ashe shekara da shekaru ana buga ni a ciki ban sani ba, kuma yanzu wani direban bas zai riƙa yawo da kalangun unguwarmu a kafaɗa. Na ba firji labari, ya yi gurnani. Na buɗe ƙunshina na fara ci, na san su ma can suna ci. Da na zo tsakiya na ajiye cokali, numfashi ɗaya, sannan na ci gaba.