Simintin Baba a Ɗakin Gwaji

Mahaifina bai taɓa sayen siminti a tashi ɗaya ba. Duk kakar albasa sai ya ƙaro 'yan buhuna ya jibge a zauren gidanmu na Gwandu, damina ta zo ta wuce suna nan. Da suka kai na ɗaki, ya ba mijina aikin, tunda magini ne.

Ba a jima ba bango ya tsage, filasta tana zuba ko da farce ka sosa. Baba ya ce surukinsa ya karkatar da siminti ya cike da toka. Mijina ya yi gum. Shirun nan ya fi zargin ƙona mini rai, ni da ba a haife ni da haƙuri ba. Har an fara zancen in tattara in dawo gida.

Wata ƙawata da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Kalgo ta ce in kawo ta duba. Na ɓamɓaro filasta, na ɗebi garin buhun da ba a taɓa buɗewa ba, na ƙulle su daban-daban. A mota ina ta tunanin cewa ko ubana ko mijina, ɗaya zai kunyata.

Ta niƙa kowanne, ta ɗora mitsitsi a kan na'ura. Ta ce infirared ne, hasken da ido ba ya gani. Kowane sinadari yana shanye nasa rabon, sai layi ya lotsa a kwamfuta. Na ƙura wa layin ido kamar na iya karanta shi. Can ta ce babu alamar toka a filastar, garin buhun ne ya sha danshi tun a zaure, ƙarfinsa ya tafi.

Na tsare mijina da tambaya, ya amsa cewa ya ga dunƙule-dunƙule, ya farfasa ya tankaɗe. Na ce me ya hana shi magana.

"In dubi idon Baba in ce mai abin da yat tara shekara da shekaru ya mutu?"

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallon sauran buhunan.

"Shi ya sani?"

"Ya sani, Baba."

Tun da aka kai ni ɗakina, Baba bai taɓa taka ƙofar gidan mijina ba, don kunyar surukuta. Ya ce in miƙo masa takalmansa, in wuce gaba in nuna masa hanya.