Maraƙin da na jira magani ya fita daga jikinsa

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, jikata ke rubuta abin da nake faɗi. A shekarun babban fari ina matar aure a Madarumfa, da 'ya'ya ƙanana, maigidana ya tafi cin rani Najeriya. Shanunmu duk sun ƙare, saura maraƙi guda da uwarsa ta mutu ta bari.

Wata rana ya zurma ramin lambu a bakin tabki, ƙafa ta karye. Kukansa ya hana ni sakat. Sai na sayo ƙwayar kashe zafin ciwo wajen mai tebur, ina jiƙa masa safe da yamma, gwargwadon abin da babban mutum ke sha. Kukan ya lafa, amma sai ya daina cin dusa, ya kwanta. Dattijon maƙwabcinmu ya ce mini, 'yar nan, a yanka tun da sauran rai, yara su samu nama. Na yarda. Ranar kuwa likitan dabbobi ya biyo ta unguwarmu, na nuna masa ƙwayar. Ya ce maganin ya bi jini ya shiga tsoka da hanta, kuma ƙodar ƙaramar dabba ba ta yi ƙwarin fitar da shi da wuri ba, wanda na ba shi jiya yana ciki na ƙara na yau. Ya ce kada yarana masu rama su ci naman sai maganin ya fita daga jikin maraƙin ta fitsari.

Nan na tsaya, ba gaba ba baya. In yanka, ina tsoron abin da zan zuba wa 'ya'yana a akushi. In jira, ina tsoron ya mutu mushe. Na zauna gindinsa ina ɗura masa ruwa, ina duban ƙasa ko ta jiƙe. Yara na tambaya yaushe za a ci nama, ina cewa gobe. Dattijo ya wasa wuƙa, ya ce in maraƙin ya fara shure-shure in kira shi.

Ranar Juma'a ya fara, maza duk suna masallaci. Na fita ina kira, ba namiji ko ɗaya a unguwa. Kafin a sallame ya mutu. Muka ja shi bayan gari, yara na biye da ni.

'Yan'uwana mata, ƙaramar dabba ba babban mutum ba ce. Kafin ku sa mata magani a baki, ku tambayi masani, ku kuma yanke shawara: jinya za ku yi ko yanka. Ni sai da maganin ya shiga na tambaya.