Sunan da Golanmu Ba Ya Kira

Ban taɓa taka filin ƙwallo ba, amma shekarar da ɗana na biyu ya tsare wa kwalejinsu raga, babu wasan gida da ya wuce ni. Gidanmu na Gwadangaji katanga ce kawai tsakaninsa da filin. Ina zaune ina tsintar shinkafa, kunnena na can. Na san ihun an ci, na san na an kusa ci, na kuma san shirun da ke sauka idan mu aka zura wa.

Kwalejin ƙarama ce, 'yan wasan ma ba su da yawa. Wasa uku na farko duk aka ci su. Ranar na ukun ɗana ya shigo ya zauna bakin murhu, ko takalmi bai cire ba.

"Inna, koci ya ce in anka sake zura min irin wagga a Argungu, benci zan koma."

"Irin wace?"

"Wadda muke karo da lamba biyar. In fito, shi ya yi tsalle, ƙwallo ta faɗi tsakaninmu. Koci ya ce bakina ya mutu."

Ni kuwa na san bakinsa bai mutu ba. Kullum ina jin sa yana kwarara wa 'yan bayansa kira, har na haddace sunaye uku. Amma 'yan baya huɗu ne.

Na ce, "Shi lamba biyar ɗin, mi a sunanshi?"

Ya sunkuyar da kai, ya saci kallon ƙofar ɗakin babansu. Na yi dariya har sai da shinkafa ta zube. Ashe takwaran maigida ne! Ni da ban taɓa furta sunan nan ba tun ranar da aka kawo ni, yaya zan ga laifin ɗan da ya kasa ɗaga murya da shi a gaban jama'a?

"To ka ce 'kai' mana."

"Na gwada, Inna. Mutum huɗu ka waiwayowa."

"Jikan maƙwabciyarmu da anka sa ma sunan kakanshi, mi muke ce mai?"

"Baba." Ya ɗago da sauri. "Haba Inna, na fa girme shi!"

"Ragarka kake so ko girmanka?"

Washegari wajen atisaye na ji shi ya gwada, a hankali, kamar mai sallama gidan surukai. Fili ya kwashe da dariya. Wani na cewa, "Baba, ɗanka na kira!" Na ce a raina ku yi ta yi, ai lamba biyar ya waiwayo. Kafin Alhamis muryar ta fito sosai, dariyar kuma ta ƙare.

Ranar Argungu ban je ba, ni da tafiya ba mu shiri. Ƙanena ne ya bi su, ya tsaya bayan raga, ya kira ni ya bar wayar a buɗe. Bayan la'asar ne, maigida na kishingiɗe kan tabarma yana gyangyaɗi. Dab da tashi daga wasan ƙanena ya ce an ba 'yan Argungu bugun kusurwa. Hayaniya ta cika wayar, sai ga muryar ɗana ta keto ta:

"Baba! Bar min!"

Maigida ya zabura ya ce, "Na'am?"

Ban kula shi ba, ina sauraro. Ihun da ya biyo baya na an kusa ci ne. Tun kafin ƙanena ya yi magana na san ƙwallo na hannun ɗana.

Canjaras aka tashi, babu ci. Kofi kam ba su ɗauka ba a shekarar, amma koci bai sake ambaton benci ba, ɗana ya tsare ragarsa har wasan ƙarshe. Lamba biyar kuwa sunan ya bi shi. Har yau yakan zo gaishe mu da Sallah, maigida ya matsa masa gefen tabarma ya ce, "Takwara, zauna, ɗan namu na nan tafe."